Kishiyata, wa ya ce miki camfi ne?

Saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini har sau biyu saboda dariya ta hana ni jin na farko. Wai an ɗauke muku wuta kwana uku, tumatir da alayyahon da kika cika firji da su sun narke, shi ne kike tambaya ko hanin da nake yi muku na wanke kayan miya kafin a ajiye addini ne ko camfi. Oh ni jikar mutum huɗu! Da na gama dariyar kuma sai jikina ya yi sanyi, ashe mun aurar da ke ba ki san inda ake ajiye albasa ba.

Ni ma na taɓa yin irin taki, kuma a lokacin ko firjin ban taɓa gani ba. Ina amarya, ban cika wata huɗu a ɗaki ba. An gama dam ɗin Tiga a 1974, noman rani ya buɗe a wajen Kadawa da Kura, tumatir ya yi arahar da har ana barinsa a bakin titi. Cikin hunturu mijinmu (ai ni da ke ne) ya shigo da kwando guda a bayan keke, ya dire a tsakar gida. Ni kuwa neman suna a wajen uwar miji ya sa na ɗebo ruwa na wanke shi tas, ɗaya bayan ɗaya, har ina cire masa hanci. Na jera a babbar kwallata ta jere, na rufe da murfi ruf, na tura ƙarƙashin gado ina jin daɗin kaina.

Kwana uku ban leƙa ba. Ranar ta huɗu Inna, Allah ya jiƙanta, ta shigo ɗakin, ta tsaya tana shinshina. Ba ta ce uffan ba, ta durƙusa ta jawo kwallar. Tana buɗewa ƙananan ƙudaje suka tashi, na ƙasa duk sun zama ruwa, farar fumfuna ta rufe su, tsami ya cika ɗakin. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ta ce, "Yarinya, kayan lambu wankansu ɗaya ne, ranar da za su shiga tukunya. Kin yi masa wanka, kin toshe masa numfashi, me kike so ya yi?" Ta sa na kai kwallar gindin darbejiya, muka zauna tsincewa. Duk wanda ya ɗan fashe ko ya yi laushi sai ta ware gefe tana cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Masu ƙwarin, waɗanda ba su gama nuna ba, ta goge su da tsumma, ta jera a tsohon kasko, ta bi su da busasshiyar tokar murhu da ta tankaɗe, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Sauran muka yayyanka biyu biyu, muka shanya a tabarma a kan soro, ni ce mai gadin kaji da dogon kara. Wannan kaudar ita muka riƙa jiƙawa har tsakiyar damina, sa'ad da ɗanyen tumatir ya gagari talaka.

A gidan nan komai da mazauninsa. Albasa a baje take a rumfa inda iska ke ratsawa, ba ta haɗa waje da dankali, Inna ta ce zaman kishi suke, kowa na lalata kowa. Kabewa na ƙuryar ɗaki wata da watanni muddin ba a karya mata wutsiya ba. Kuɓewa, kuka, zogale, yakuwa, duk a bushe, kuma ganye a inuwa ake shanya shi don kada ya koɗe. Mangwaro in ana so ya nuna da wuri ne ake rufe shi tare da ayaba.

Ku kuwa yanzu komai leda, a ƙulle a jefa firji. Har ayaba, ta fito baƙa ƙirin kuna mamaki. Randa ma kun kore ta daga gida wai ƙauyanci. To wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, tukunya ya sa a cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufa da ɗanyen tsumma. Ruwan na bushewa, cikin na yin sanyi. Da wannan Turawa suka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, a rediyo na ji. Sai dai ta fi aiki da rani, in iska ta bushe.

Addini ne ko camfi, ki tambayi malamai, ni dai hancina ne ya ba ni fatawa. In direban nan zai taho ranar Asabar zan ba shi ƙullin kauda da garin kuka ya kawo miki. Kada ki kuskura ki sa su a firji. Ki gaishe mini da angon namu, ki ce ina nan ina jiran goron da ya yi mini alkawari tun sallah.