Kafin ka miƙa maganin ciwon ɓarin kai, ga abin da za ka tambaya

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce mai ciwon ɓarin kai in ya zo siyan magani yana tambayarka me zai ci me zai bari, kai kuma ba ka san amsar da za ka ba shi ba, sannan kana so ka san dalilin da ya sa na hana ku miƙa Cafergot, maganin nan na ciwon ɓarin kai, in ba na shago ko da mutum ya zo da takardar likita. Toh tambaya biyu ce amma jijiyarsu ɗaya, kuma tun yanzu in gaya maka, maganar abinci ita ce ƙarama a ciki. Abin da ke kai mutum gadon asibiti shi ne wani maganin da yake sha wanda bai faɗa maka ba, kai ma ba ka tambaya ba.

Ɗauko kwalin Cafergot ka duba. Kowace ƙwaya akwai ergotamine miligiram 1 da kafeyin miligiram 100. Shi ergotamine tsohon magani ne sosai, tun 1918 wani masani Arthur Stoll ya tace shi a kamfanin Sandoz na ƙasar Suwizalan, daga wani naman gwari da ke kama hatsin Turawa, wanda a zamanin da in ya shiga burodi mutanen gari guda sai ka ga yatsunsu sun yi baƙi suna ruɓewa. Aikinsa matse jijiyoyin jini, kuma ba na kai kaɗai yake matsewa ba, har na hannu da ƙafa da zuciya. In an sha daidai ƙa'ida hanta tana narkar da shi ta fitar, shikenan. Matsalar tana farawa ne ranar da wani magani ya riƙe hantar.

Ka ɗauki hanta kamar injin markaɗe na unguwa, kowa da bokitinsa a layi, in wani ya zo ya cushe bakin injin toh kayan na baya haka za su taru. Clarithromycin da erythromycin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, haka suke yi wa hanta. Ketoconazole da itraconazole na sha, magungunan cututtukan naman gwari, su ma haka. Sai ritonavir, na cuta mai karya garkuwar jiki, wanda shi ne ya fi kowa ƙarfi a wannan aika-aikar. Mutum ya sha ƙwaya ɗaya ko biyu na ergotamine a kansu amma a jininsa kamar ya sha da yawa, ƙafa ta yi sanyi, yatsu su dinga jin kamar ana soka allura, launinsu ya canja, ya taka ƙasa ya ji azaba, in aka yi sake jini ya daina zuwa gaba ɗaya sai dai a yanke. Wallahi ba tsoratarwa nake ba, a rubuce yake cikin takardar da ke kwalin.

Yanzu ka tsaya ka yi tunanin su wa ke shigowa shagonmu. Rabin masu ciwon kai za su ce maka suna da olsa, kuma wannan kit ɗin na olsa da ake rubutawa na kashe ƙwayar cutar ciki, ka juya bayansa ka karanta, yawanci akwai clarithromycin a ciki tare da omeprazole da amoxicillin ko tinidazole. Ka tambayi mutum kana shan wani magani ya ce a'a, don shi a wurinsa na olsa ba ya cikin lissafi, ya riga ya zama kamar abinci. Shi ya sa ba na tambaya a dunƙule, ɗaya bayan ɗaya nake bi, na olsa fa? na tari ko mura? akwai wanda asibiti ke ba ka duk wata? Wannan ta ƙarshen ka rage murya in za ka yi ta, ka ja mutum gefe in da jama'a, domin masu karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki ba za su faɗa a gaban layi ba kuma suna da gaskiya. Yawancinsu yanzu suna kan haɗin da ke da dolutegravir, shi ba ya wannan rikicin da ergotamine, amma waɗanda aka canja wa zuwa layi na biyu, masu atazanavir ko lopinavir, da ritonavir ake haɗa musu. Kai ba za ka iya ganewa da ido ba, sai an nuna maka roba.

Mace kuwa tambayar farko ita ce ciki. Ergotamine ɗan uwan ergometrine ne, allurar nan da ake yi wa mai jego don mahaifa ta matse jini ya tsaya, toh ka ga abin da zai yi wa mai ciki. Mai shayarwa ma ba a ba ta. Haka mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon hanta ko ƙoda mai tsanani. Mai shan taba ma ina ɗari-ɗari da shi saboda ita ma matse jijiya take yi. Kuma ko lafiyayye ne akwai iyaka, ƙwaya 6 a tashin ciwo ɗaya, 10 a sati, ni a ganina wanda ya kusa wannan adadin ma likita yake buƙata ya sake duba shi ba ƙarin kati ba.

Sumatriptan, wani maganin ciwon ɓarin kan da za ka gani da sunan Imigran, ya fito ne a 1991 kuma gaskiya ya fi tsafta, in da hali shi na fi so a rubuta wa mutum. Amma shi ma matse jijiyar yake, saboda haka duk waɗancan masu zuciya da hawan jini da shanyewar jiki ba nasu ba ne. Babban kuskuren da mutane ke yi shi ne su sha Cafergot da safe bai yi ba, da azahar su ɗora sumatriptan. A'a. Sai an yi awa 24 tsakani, ni ko ta wace fuska aka fara haka nake cewa don kar a rikice. In ya sha miligiram 50 ko 100 ciwon ya tafi ya dawo, zai iya ƙarawa bayan awa 2, in kuma na farkon bai taɓa ciwon ba ko kaɗan toh na biyun ma ɓarnar kuɗi ce. Takardar Ingila ta ce kar a wuce 300 a yini, ta Amurka ta ce 200, ni ƙaramin nake faɗa.

Sai maganar masu shan maganin damuwa, irin su fluoxetine da sertraline. A 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa haɗa su da dangin sumatriptan na iya sa sinadarin serotonin ya yi yawa a jiki, mutum ya kama rawar jiki, gumi, zazzaɓi, zuciya na bugawa da sauri, ya rikice. A aikace abin ba ya yawan faruwa, likitoci da dama suna haɗawa suna sa ido, don haka kar ka firgita mara lafiya har ya watsar da maganin damuwarsa, wannan ma wata fitinar ce. Wanda ya fi damuna a nan garin tiramol ne. Shi ma yana ɗaga serotonin, ga shi yana jawo farfaɗiya, kuma wanda likita ya ɗora a kan amitriptyline don rigakafin ciwon kan in ya haɗa da tiramol haɗarin ya ƙaru. Ga kuma abin haushi, tiramol da kodin ba sa ma yi wa ciwon ɓarin kai aikin kirki, sai dai su mai da shi na kullum.

Tunda na taɓo rigakafi bari in ƙarasa. Propranolol ana ba da shi sosai, ba a ba mai asma, kuma in mutum yana kansa aka rubuta masa rizatriptan, ɗan uwan sumatriptan, toh miligiram 5 ne ba 10 ba, domin propranolol yana sa ya taru a jini. Ka ga 10 a takarda ka kira ni ko ka kira likitan. Topiramate in an kai shi sama yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Valproate yana illata jariri a ciki. Ita kanta ƙwayar tazarar mai sinadari biyu, macen da ke ganin walƙiya ko wasu zane-zane a ido kafin kan ya fara, ba a so ta sha, saboda haɗarin shanyewar jiki, sai ta koma asibiti a canja mata wata hanyar. Wannan kam mata da yawa ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Toh yanzu abinci. Abin da yake shiga aikin maganin kai tsaye kaɗan ne. Garehul, wannan babban lemon mai ɗaci, yana riƙe hanya ɗaya da clarithromycin ke riƙewa, mai shan ergotamine ya bar shi da ruwansa na kwali, lemon zaƙi na kasuwa kuwa ba ruwansa. Giya tana tada ciwon kuma ba ta jituwa da amitriptyline. Sumatriptan da abinci ko babu duk ɗaya ne.

Wanda ya shafe mu da gaske kafeyin ne, don mu mutanen goro da shayi ne. Lissafa ka gani, dattijo ya ci goro tun safe, ya sha shayi mai kauri wajen mai shayi har da Nescafé a ciki, kai ya sara ya sha Panadol Extra biyu kowace da kafeyin miligiram 65, bai yi ba ya ɗora Cafergot biyu wato 200, matashi kuma ya kora da lemon ƙarin kuzari. Sai ya dawo yana cewa zuciyarsa na fat-fat, hannu na rawa, bacci ya ƙi zuwa, rashin baccin kuma ya tada masa wani ciwon gobe. In yana kan ciprofloxacin na taifot abin ya fi haka, don shi yana hana kafeyin fita da wuri. Kuma kar ka ce masa ya daina goro yau-yau, yankewa lokaci guda ita ma ciwon kai take kawowa, shi ne abin da kake gani ranakun farko na azumi. A hankali ake ragewa.

Su farin magi, daddawa, cakulan, kifi banda da sauran abin da mutane ke zargi, ni ba na ba kowa doguwar takardar haramci. Wani yana tada masa wani ko a jikinsa, kuma na ga waɗanda suka bar rabin abincin gidansu ciwon yana nan. Ka ce ya samu ɗan littafi ya dinga rubuta ranar da kan ya tashi, me ya ci, ya ya yi bacci, mace ta sa har kwanan al'adarta, bayan wata biyu shi da kansa zai gano. Sau da yawa ma ba abin da aka ci ba ne, wanda ba a ci ba ne, tsallake karin kumallo, yini cikin rana ba ruwa. Ibuprofen da diclofenac da asfirin kuma a sha bayan an sa wani abu a ciki, kar a haɗa biyu a cikinsu, mai olsa da mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, su nisance su. A sha da wuri kuma, don in ciwon ya kankama ciki yana tsayawa da aiki, ƙwayar sai ta zauna ba ta wuce ba, shi ya sa wani lokaci likita ke haɗawa da metoclopramide, maganin amai da ke motsa ciki.

Akwai kuma kwastoman da za ka ga kamar alheri ne, duk bayan kwana biyu yana nan yana siyan kati. Wanda ke shan ergotamine ko sumatriptan ko masu haɗi da kafeyin ko kodin kwana 10 ko fiye a wata, ko parasitamol da ibuprofen zalla kwana 15, maganin da kansa ya koma shi ke kawo ciwon. Ka faɗa masa gaskiya ko zai ji haushi, ka tura shi asibiti a ɗora shi kan rigakafi.

Wasu kuma ko parasitamol kar ka tsaya nema musu, mota za ka ce a samo. Ciwon kan da ya sauko lokaci guda kamar an buga guduma, wanda ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya musamman lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, wanda baki ya karkace ko hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, mai ciki da ƙafa ta kumbura tana ganin dishi-dishi, da wanda ya haura 50 bai taɓa irin wannan ciwon ba sai yanzu. In na'urar awon hawan jini tana kusa ka gwada kafin su fita ka rubuta musu a takarda su tafi da ita.

Dokar Cafergot tana nan yadda take, shi da sumatriptan magungunan takardar likita ne, in ba na nan ka karɓi takardar ka yi tambayoyin nan ka ɗauki hotonta ka turo min, ni zan ce a bayar ko a jira. Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, za mu sauko da kit ɗin olsa da muke da su gaba ɗaya ka karanta min abin da ke cikin kowanne.