Abin da ya sa allurata ba ta wuce 90

Ka ce da ni, "Oga, tunda malejin motar nan ya haura 150, titi kuma a buɗe yake, don me kake tsayawa a 90 har yara suna wuce mu?" To, ɗana, zauna ka ji.

Maleji gudun mota kawai yake nuna maka, ba ruwansa da inda za ka tsaya. Mota tana gudun kilomita 90 a awa, mita 25 take cinyewa duk daƙiƙa ɗaya. Kafin idonka ya ga akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo titi, ƙafarka ta bar totur ta hau birki, ka riga ka shafe wannan tazarar ko fiye, birkin ma bai fara kamawa ba. Idan kuwa ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai ja ka sau huɗu yake ninkuwa. Ka ɗora wannan a kan bas cike da fasinja, but danƙare da buhunan masara.

'Yan Rod Sefti ba da ka suka yanka lambobin nan ba. Cikin gari 50. Babbar hanya 80. A tagwayen hanya motar gida 100, tasi da bas irin tamu 90, tanka da tirela 60. Tun 2017 ma aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, ko da yake ka san yadda wasu ke yi da ita.

Kuma 90 ɗin nan iyaka ce, ba bashi ba ne da sai ka biya. Ranar da kasuwa ke ci a bakin titi, ko ka doso Kwanar Dangora ko Tashar Yari yara suna bin motoci da tallar rake, ko 50 ta yi yawa. Haka in hazo ya sauko. Ruwan farko na damina ya fi kowanne mugunta, domin yana taso da baƙin mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta, titi ya yi santsi kai ba ka sani ba.

Waɗanda ke wuce mu fa, me suka ci? A kilomita 100, mai gudun 120 minti 17 kawai zai riga mai 90, shi ma in babu rami, babu shingen bincike. Sau nawa muka tarar da su a tasha suna jiran layi? Ga mai da suka ƙona a banza.

Sauran kuwa ka sha ji a bakina. Kada ka yi obatekin a kwana ko a hawa, inda ba ka ganin mai zuwa. Kada ka manne wa gindin tirela. Ɗaura bel, waya kuma ta zauna a aljihu. Da ka ji gyangyaɗi, faka, kada ka ce goro ko shayi zai riƙe ka.

Gobe kafin lodi ka tsuguna ka duba min tayoyin nan. Akwai lamba huɗu a gefen kowace: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Wadda ta haura shekara 4, ko zanenta bai cinye ba, ka gaya min mu biya wajen mai faci.