Amsoshin Tambayoyinku: Wane Kwarkwaron Fatsa Ya Dace da Aljihu da Ruwanmu?

Tambayoyin wannan mako sun taru ne a kan kamun kifi da ƙwaron gashi, wato irin fatsar nan da ake ɗaure ƙugiyarta da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da fara ko mazari ko ɗan ƙaramin kifi, sannan a wurga ta ruwa ba tare da tana ko wani koto ba. Yawancin masu tambayar sun fi damuwa da kwarkwaron da ake maƙalawa a gindin sanda domin naɗe igiya.

Tambaya ta farko daga wani malamin firamare ce da ke zaune a wani ƙauye kusa da madatsar ruwa ta Tiga. Ya ce ƙanensa da ke karatu a Ingila ya kawo masa tsarabar sandar fatsa mai lamba 5, amma babu kwarkwaro, babu igiya. Da ya duba intanet sai ya ga farashin kwarkwaro ya tashi daga ƙasa da dala hamsin har zuwa sama da dala ɗari biyar, shi ne yake tambaya ko mai arahar zai yi masa aiki, ko kuwa asarar kuɗi ce.

Malam, mai arahar zai yi maka aiki, kuma dalilin yana cikin yadda ake wannan kamu. A fatsar da muka saba gani, dalma ko nauyin koto ne ke jan zare zuwa nesa. A nan kuwa ƙwaron gashin ba shi da wani nauyi, saboda haka igiyar ce aka yi mai kauri da nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya a iska kamar yadda makiyayi ke kaɗa bulala, ita ce kuma ke ɗaukar ƙwaron ta kai shi inda kifi yake. Kafin ka yi jifa, da hannunka za ka zaro igiyar daga kwarkwaro ka tara ta a gabanka, kuma idan karfasa ko kawara ta kama, da hannun za ka riƙa janyo ta kaɗan-kaɗan. Ka ga ke nan kwarkwaron bai shiga jifa ba, sau da yawa ma bai shiga jan kifin ba. Aikinsa shi ne ya adana igiya, ya sake ta ba tare da ta cukurkuɗe ba, ya kuma daidaita nauyin sanda a hannu.

Lambar da ka gani a jikin sandar ita ce jagorarka. Masu ƙera kayan fatsa a Amurka sun tsayar da wannan ma'auni tun farkon shekarun 1960, inda ake auna nauyin ƙafa talatin na farkon igiya, wato kimanin mita tara. A lamba 5 wannan yanki yana da nauyin giram tara, a lamba 8 kuwa ya kusa giram goma sha huɗu. Saboda haka ka nemi igiya mai lamba 5, da kwarkwaron da aka rubuta 5/6 ko 4/5 a jikinsa ko a kwalinsa. Igiyar tana kai ƙafa casa'in zuwa ɗari, kuma a ƙarƙashinta ana fara naɗa wani siririn zaren ajiya mai ɗaukar nauyin laba ashirin, wanda ke cike cikin kwarkwaron, ya kuma zama madogara idan babban kifi ya ruga da igiyar duka. Yadi hamsin zuwa ɗari na wannan zare ya ishe ka har da saura.

Wurin da farashi ke rabuwa shi ne birki da kuma irin ƙarfen da aka yi amfani da shi. Birki iri biyu ne. Akwai na tsohon yayi, wanda ɗan harshen ƙarfe da sifirin ke dannawa yake bugun haƙoran giya, yana ƙara ƙas-ƙas idan igiya na fita. Wannan ba ya tsayar da kifi, yana dai hana kwarkwaron juyawa fiye da kima, idan kana son ƙarin ƙarfi sai ka ɗora tafin hannu a bakinsa. Akwai kuma mai faifai, wanda ake murɗa wani maɓalli ya matse faya-fayan roba ko na ƙarfe ko na irin toshiyar kwalba, ya riƙe kifi daidai gwargwadon yadda ka so. A ganina na tsohon yayin ya fi dacewa da mutumin karkara mai neman karfasa, domin abin da ke cikinsa bai wuce ƙarfe uku ko huɗu ba, idan rairayi ya shiga sai ka cire, ka wanke, ka mayar, idan kuma sifirin ya karye mai gyaran agogo ko mai gyaran keken ɗinki na kasuwar mako zai iya lanƙwasa maka wani. Birkin faifai mai araha wanda ba a rufe shi ruf ba, ƙurar hunturu da yashin bakin dam sukan shige shi, ya koma yana kamawa yana saki, kuma wannan fizgar ce ke tsinka siririn zaren da ƙugiya ke ɗaure a jikinsa. Sai dai gaskiyar kasuwa ita ce yawancin masu arahar da ake ƙerawa yanzu masu faifai ne. Idan shi ka samu, ka saya hankalinka kwance, amma ka sassauta birkin gaba ɗaya duk lokacin da za ka ajiye shi, kuma kada ka zuba wa faya-fayan mai.

Batun ƙarfe kuwa, mafi araha shi ne na roba mai tauri, sai na alminiyon da aka narka aka zuba a mazubi, sai mai tsada wanda inji ya sassaƙa daga dunƙulen alminiyo guda. Na zubi ba shi da aibu a wurin aiki, illarsa ɗaya ce, idan ya faɗi a kan dutse yakan tsage ko ya ɓalle, alhali sassaƙaƙƙen yakan lotsa ne kawai. Wanda zai riƙa tsayawa a kan duwatsu sai ya kula da wannan. Ga mai tsayawa a kan laka da ciyawa, na zubi ya wadatar. Ka kuma fifita mai faɗin ciki, domin yana kwaso igiya da yawa a kowane juyi, kuma igiyar ba ta nannaɗewa ta ƙi miƙewa idan aka zaro ta.

Kada tsadar wasu ta ruɗe ka. Siffar wannan abu ba ta canza sosai ba tun 1874, lokacin da Charles Orvis na Amurka ya yi rajistar kwarkwaro mai ramuka a gefe domin igiya ta sha iska ta bushe, kuma kamfanin Hardy na Ingila ya fito da samfurinsa mai suna Perfect a 1891, wanda har yau ana kama kifi da irinsa. Abin da ake biya a masu tsadar gaske shi ne rashin nauyi, da jure ruwan gishiri, da birkin da zai tsayar da manyan kifayen teku, da kuma suna. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da karfasar Tiga za ta tambaye ka.

Inda nake so ka zuba kuɗinka shi ne igiya. Yawancin igiyoyin da ake sayarwa an yi su ne domin ruwan sanyi na Turai da Amurka, kuma idan zafin bazara irin namu ya buge su sai su yi laushi, su yi danƙo, su ƙi zamewa a cikin zobban sanda. Ka gaya wa ƙanen naka ya nemo wadda aka rubuta cewa ta ƙasashe masu zafi ce ko ta ruwa mai ɗumi, mai yawo a saman ruwa, mai nauyi a gaba. Da a ce kuɗin da ke hannunka na abu ɗaya ne mai kyau, to igiya mai kyau da kwarkwaron roba sun fi kwarkwaro mai ƙyalli da igiyar banza nesa ba kusa ba.

Tambaya ta biyu daga wani masunci ce a ƙaramar hukumar Guri. Ya ce ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwan da suke kamu, kifi ya ragu, ya kuma ga bidiyon Turawa a waya suna ciro manyan kifaye da wannan fatsa, shi ne yake shawarar sayar da akuya ya sayi kayan.

Baba, ka bar akuyarka. Wannan fatsa ta nishaɗi ce, kifi ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma tana bukatar fili a bayan mai jifa da ruwan da kifi zai iya hangen ƙwaro a cikinsa. A fadamun Haɗeja zuwa Nguru, inda kachala ta fi mutum tsawo, igiyar za ta maƙale tun kafin ta taɓa ruwa, kuma tarwaɗa, wadda da ƙamshi da gashin bakinta take neman abinci a ƙasan laka, ta fi amsa koto na gaske. Kalli da birgi da mamari da gura sun fi ta ciyar da gida. Kayanta ma ba a kasuwar Haɗeja ko Gujungu ake samunsu ba, sai an yi oda da dala, a biya kuɗin jigila. Idan sha'awa ce kawai, akwai hanyar gwaji wadda ba ta cin ko sisi: a Japan akwai tsohuwar fatsa da ake kira tenkara, wadda ba ta da kwarkwaro sam, doguwar sanda ce da zare a ɗaure a kanta da ƙwaron gashi. Doguwar gora siririya, da zaren roba, da ƙaramar ƙugiya da aka ɗaura wa gashin zabo da zaren ɗinki, sun isa ka gwada a lokacin da shinge ke faɗawa ruwa bayan ruwan farko.

Wata baiwar Allah daga Ƙaraye ta ce mijinta yana zuwa fatsa a dam ɗin Challawa da yamma, tana so ta yi masa kyauta, kuma wani ɗan gwanjo ya kawo mata tsohon kwarkwaro. Tana tambayar yadda za ta gane lafiyayye ne.

Hajiya, ki fara tabbatar da cewa irin wanda sandarsa ke ɗauka ne. Na ƙwaron gashi zagayayye ne, siriri, da ɗan mariƙi a jikin gefensa, juyi ɗaya na hannu juyi ɗaya na kwarkwaro. Idan kika ga mai dogon hannu da waya mai lanƙwasa a gabansa, wannan na ɗaya fatsar ce mai jefa dalma, ba ya ɗaukar igiya mai kauri. Bayan haka ki riƙe shi a tsaye daidai idonki, ki juya a hankali, ki dubi siririn tsagin da ke tsakanin ɓangaren da ke juyawa da gidan da yake zaune a ciki. Idan tsagin yana buɗewa yana tsukewa, ko kika ji gefe yana gogar gefe a wuri ɗaya a kowane juyi, to ya taɓa faɗuwa ya lanƙwashe, ki mayar masa. Ki kama tsakiyar ki girgiza ciki da waje. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma idan yana ƙwas-ƙwas sandar tsakiya ta cinye. Ki danna ɗan maɓallin da ke tsakiya ki zare cikin, ki duba ko akwai tsatsa ko farin gari irin wanda alminiyo ke yi idan ya sha ruwan gishiri. Ki shafa yatsa a inda igiya ke fita, domin tsohon kwarkwaro yakan yi kaifi a nan har ya feƙe sabuwar igiya. Daga ƙarshe ki naɗa masa zare, ki ja da sauri sannan ki tsaya cak. Lafiyayye zai tsaya tare da ke, wanda birkinsa ya mutu kuwa zai ci gaba da juyawa ya zubar da zare.

Abu ɗaya da kyauta ke sa a manta shi ne hannu. Ki lura da wane hannu maigidan yake naɗe zare, domin yawancin na zamani ana iya juya su hagu ko dama, amma wasu tsofaffin hannu ɗaya kawai suke yi. Idan kuma kika ga an rubuta Pflueger Medalist a jikinsa, kuma ya ci waɗannan gwaje-gwajen, kada ki bari ya wuce ki, domin samfuri ne da aka shafe shekaru da dama ana ƙerawa a Amurka, ya kuma yi suna wajen araha da juriya. Ɗigon man keken ɗinki a kan sandar tsakiya da ɗauraya da ruwa mai tsabta bayan kowace fita shi ne duk kulawar da yake nema.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani matashi a Ringim da ke son sanin ko kwarkwaro mai araha zai riƙe tsage ko giwan ruwa. Ɗan'uwa, a nan ne kaɗai shawarata take juyawa. Tsage kifi ne mai gudu da tsalle, yana iya zare igiya da sauri har ta ƙona yatsa, don haka yana bukatar sanda da igiya masu lamba 8 ko 9, da birkin faifai mai santsi, zai fi kyau rufaffe, da zaren ajiya mai ɗaukar laba talatin, da kuma ɗan guntun waya kafin ƙugiya, domin haƙoransa suna yanke zaren roba nan take. Giwan ruwa kuwa, masu bin sa da ƙwaron gashi a kogin Faro na Kamaru kayan lamba 12 suke ɗauka, kuma wannan ba harkar araha ba ce. Kafin ka kashe kuɗi, ka je wurin Sarkin Ruwan yankinku ka gaishe shi, ka tambaye shi ko ana samun waɗannan kifaye a inda kake son zuwa, da watan da suke fitowa, da wuraren da aka hana kamu. Idan amsarsa karfasa ce da kawara, ka koma kan abin da na gaya wa malamin Tiga, ka kuma tsaya a gaɓa ko cikin kwalekwale maimakon shiga ruwa har ƙugu kamar yadda ake gani a bidiyo, domin akwai tsargiya a yawancin ruwan dam da fadamunmu.