Dillali ya ce mita 600 ne daga kogi, ruwa ba ya zuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Da kuɗin sallamata na aiki zan sayi fuloti mai ƙafa 50 da 100 a wata sabuwar unguwa kusa da Kogin Kaduna. Dillalin ya buɗe Google Maps ya auna a gabana, daga fulotin zuwa kogi mita 600 ne, ya ce ambaliya ba ta isowa nan. Ya kuma nuna min wani koren fili a gefe, wai wurin shaƙatawa ne da aka ware. Na ba da kafin alƙalami, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka riƙe ragowar kuɗinka tukuna.

Mita 600 ɗin na iya zama daidai, ban ƙaryata dillalin ba. Sai dai ruwa gangare yake bi, babu ruwansa da nisa. Gidan da ke mita 50 daga gaɓa amma a kan tudu zai kwana lafiya, wanda ke kilomita guda a cikin kwari ya wayi gari da ruwa iya taga. Da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, tana da nisan kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, amma ruwan ya biyo Kogin Ngadda ya shiga Gwange da Kasuwar Monday har fadar Shehu. Da yawa daga waɗanda suka rasa gidajensu ba a bakin kogi suke ba.

Wannan magana ta gajiyar da ni, don kusan kullum sai wani ya miƙo min waya yana nuna shuɗin layin da ke wakiltar kogi a taswira. Shi wannan layin bakin ruwa ne na ranar da aka zana shi, yawanci ma daga hoton tauraron ɗan adam. Su kuwa hotunan, an fi zaɓar waɗanda babu gajimare a ciki, wato na rani, lokacin da kogi ya janye ya bar duwatsu da yashi. Kogin watan Maris aka nuna maka, kai kuma da na Agusta da Satumba za ka zauna. Ga kuma ƙananan rafuffuka da magudanai da ba su fito a taswirar ba sam. Idan babban kogi ya cika ya tokare musu baki, ruwansu baya yake komawa, ya kwanta a unguwar da ko hango kogin ba ta yi.

Wasu masu wayo kuma sun koma karanta tsawon ƙasa, wato yadda wuri yake tudu ko kwari, a Google Earth. Irin waɗannan alƙaluma suna fitowa ne daga awon sama, kamar na SRTM da Amurka ta yi a shekarar 2000, inda kowane ɗigo yake wakiltar fili mai mita 30 da 30. Fulotinka mita 15 da 30 ne, bai ma cika ɗigo ɗaya ba, kuma kuskuren tsawon yakan kai mitoci. Alhali mita ɗaya tak ke raba gidan da ruwa ya tsaya a ƙofa da wanda ya jiƙa katifa.

Na taɓa zuwa awon wani fuloti da mai shi yake ta alfahari da nisansa daga ruwa. Kafin yarana su kafa na'ura, na ɗaga kai na ga ledoji da busasshiyar ciyawa maƙale a reshen wata bishiya, daidai kafaɗata, alamar inda ambaliya ta taɓa kaiwa. Ƙasar baƙa ce, duk ta tsattsage. Ban ce komai ba, na nuna masa da sanda.

Koren filin nan ma ya fi ba ni tsoro. Launi a waya ba takarda ba ce. Idan kuma a hoton rani ne wurin yake shar alhali ko'ina ya bushe, mai yiwuwa fadama ce. Tsarin unguwa da hukuma ta amince da shi ne kaɗai zai nuna ko an ware wurin shaƙatawa, a Kaduna kuwa KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye ta jihar, za ka nufa, can kuma za ka bincika ko fulotin yana cikin tsarin.

Ka nemi safiyo mai rajistar SURCON, hukumar da ke yi wa safiyo rajista a Najeriya, ba mai yawo da waya yana kafa turaku ba. GPS ɗin waya kan kauce da mita biyar ko fiye, kashi ɗaya cikin uku na faɗin fulotinka ke nan. Tsofaffin takardunmu na filaye kuma a kan ma'aunin Minna, tsohon tsarin awon ƙasa na Najeriya, aka yi su, waya tana kan WGS84, tsarin da GPS ke aiki da shi, idan ba a juya alƙaluman daga wannan zuwa wancan ba sai a dasa ka gommai na mitoci cikin filin maƙwabci. Ka ce wa safiyon ya auna maka ko fulotin yana sama ko ƙasa da shatin da ruwa ya bari a bangaye mafi kusa da kogi. Sannan ka koma kai kaɗai, ba tare da dillalin ba, ka tambayi masu noman rani a wurin inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022.