Jirgina na katako yana shan ruwa: fenti zan ƙara ko banish?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Damagaram, a unguwar Birni nake. Na ƙera ɗan jirgin ruwa mai rimot, tsawonsa santimita 60, da katakon nan mai falle-falle, kaurin milimita 3. Na haɗa shi da farin gam na kafinta, na yi masa fenti sau biyu ta waje. Da na sa shi a tafki sai na tarar da ruwa a cikinsa, daga baya kuma mahaɗan katakon suka fara buɗewa. Fenti zan ƙara, ko banish ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Kada ka ƙara fenti tukuna. Ciro inji da batir da na'urar karɓar umarnin rimot, ka ajiye jirgin a inuwa kamar mako guda ya bushe sarai. Duk abin da ka shafa a kan jiƙaƙƙen katako ɓarna ce.

Matsalarka daga ciki take. Katako yana kumbura idan ya sha laima, yana motsewa idan ya bushe, kuma a Damagaram wannan kai-komon yana da tsanani. Lokacin hunturu iska a bushe take ƙayau, da bazara zafi ya kan wuce digiri 40, sannan damina ta zo da laima. Katakon da ya kwana a irin wannan bushewa, da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya zuƙe. Ga shi ka riga ka rufe waje ka bar ciki tsirara, shi ya sa ɗan ruwan da ya shiga ya kumbura fuska ɗaya, ɗayar tana ɗaure da fenti. Dole katakon ya lanƙwashe ya ja mahaɗa. Ga shi kuma farin gam na yau da kullum yana laushi a ruwa, sai dai wanda aka rubuta D4 a jikinsa, shi ne mai juriya.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne efoksi, wato ruwan nan biyu da ake gaurayawa su daskare. Nemi mai jinkirin kamawa. Na minti biyar ɗin nan da ake sayarwa a ƙananan tubobi ba zai ba ka lokacin shafawa ba, kuma bai kai mai jinkiri jure ruwa ba. Ka auna da sirinji daidai yadda aka rubuta a kwalin, ko ɗaya da ɗaya ne, ko biyu da ɗaya. Kada ka ƙara mai daskararwar don ka hanzarta shi. Zai fito da danƙo, ba zai taɓa yin ƙarfi ba. Sa safar hannu, domin yana sa wa fata ƙaiƙayi.

Kankare tsohon fentin da samfefa mai lamba 120, ka bi da 220 har katako ya fito. Tone farin gam daga mahaɗan da suka buɗe. Sai ka fara ta ciki: shafa efoksi ko'ina, har ƙarƙashin wurin zaman inji da lungunan da ido ba ya gani. Ka lura da bakin katako, inda zarto ya yanka. Za ka ga da ka shafa ya shanye, wurin ya dushe, sauran jikin kuwa yana sheƙi. Maimaita a nan har ya daina sha, domin ta nan ruwa ke shiga ya raba fallen. A kusurwoyi kuma, kwaɓa efoksi da garin katako mai laushi har ya yi kaurin man gyaɗa, ka cusa, ka shafe da bayan ƙaramin cokali.

Ta waje, shafi biyu ko uku. In ka samu yadin fayiba, wato yadin zaren gilashi, marar nauyi, giram 25 zuwa 50 a murabba'in mita, shimfiɗa shi a kan gangar jirgin ka jiƙa shi da efoksi har farinsa ya ɓace, sannan ka share rarar da tsohon katin roba. Shi ke hana tsagewa idan jirgin ya daki dutse. Kada ka lafta. Nauyi ne kawai kake ƙara wa injinka.

Lokacin aikin ma abin lura ne. Zafi yana sa efoksi saurin kamawa, kuma in ya taru da yawa a kofi sai ya ɗumama kansa ya daskare maka a hannu. Gauraya kaɗan-kaɗan, ka zuba a faffaɗan murfi. Yi aikin bayan la'asar, lokacin da gari ya fara sanyi. Da safe katako yana ɗumama, iskar da ke cikinsa tana fitowa ta bar ƙananan ƙofofi a shafin. Da yamma kuwa ciki yake zuƙa. Kifa kwali a kansa saboda ƙura. Ba shi mako guda ya nuna, wanke shi da ruwa, bi da samfefa, sannan ka yi fenti. Fentin yana da aikinsa, domin hasken rana yana cin efoksi.

In efoksi ya gagara a Kasuwar Dole, tambayi masu gyaran jikin mota ruwan da suke aikin fayiba da shi. Yana aiki, sai dai bai kai efoksi kama katako ba, ga wari, don haka a fili za ka yi. Banish shi ne zaɓi na ƙarshe: tsinka shafin farko ya ratsa, ka yi huɗu ko biyar, ciki da waje.

Saura ƙofofin da kai ka huda da hannunka. Sau da yawa ganga lafiya lau take, ruwan ta bututun farfela yake hawowa. Cika bututun da giris, kuma in tsarin jirgin ya bari, bakinsa na ciki ya fi saman ruwa tudu. Haka ma bututun abin juya jirgin. Murfin sama ka zagaye shi da salatif kafin ka saki jirgin. Na'urar karɓa ka sa ta a balan-balan ka ɗaure bakin, eriyarta kuwa ta tsaya sama, domin saƙon rimot irin na yanzu, mai aiki a zangon rediyo na 2.4 GHz, ba ya ratsa ruwa. Cusa farin soson kwalin firji a gaban jirgin don kada ya nutse, amma sai shafi ya bushe, saboda ruwan fayiba yana narkar da shi.

Kafin ka koma tafki, gwada shi a baho. Sa duwatsu daidai nauyin inji da batir, shimfiɗa busasshiyar takarda a ciki, ka bar shi awa biyu. Inda takardar ta jiƙe, nan za ka sake bi. Duk ranar da ka dawo daga tafki kuma, ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, buɗe murfin, ka bar shi ya sha iska a inuwa.