Ɗan wasa na gaske da mai wasan nishaɗi: ina suka rabu?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya raba ɗan wasa na gaske da mai yi don nishaɗi, ko kuɗi ne kawai. Na daɗe ina horar da matasa a fagen tsere, kuma a ganina kuɗi ba shi ne ma'auni ba. 'Yan wasa da yawa da ke zuwa gasar Olamfik suna da wata sana'ar da suke ci da ita.

Ka dubi abin da kowannensu ke yi ranar da babu gasa. Mai nishaɗi in ya shiga fili, abin da ya fi iyawa yake yi, don shi ke masa daɗi. Ɗan wasa kuwa rauninsa yake bi. In ƙafar hagu ce ba ta jin magana, ita zai yi ta bugawa shi kaɗai, ba ɗan kallo ba mai tafi, har sai ta saba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne batun hutu. Mutane na ɗauka yawan gumi shi ne atisaye. A'a. Atisaye gajiyar da tsoka yake yi, ƙarfin kuma lokacin barci da hutu yake shiga. Shi ya sa masu gudun dogon zango mafi yawan gudunsu a hankali suke yin sa, kuma idan babbar gasa ta matso sai su rage aiki na mako biyu ko uku. Mai nishaɗi ba ya iya wannan haƙurin, kullum so yake ya ƙure kansa, sai ka ji gwiwa ta tashi. Eliud Kipchoge, ɗan tseren dogon zango na ƙasar Kenya, ya gama kilomita 42.195 a birnin Berlin na Jamus a 2022 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9, wato kowace kilomita ƙasa da minti 3. Shekaru na tsari ne suka kai shi nan. Jikin ma yana nunawa: zuciyar baligi a zaune tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, ta irin waɗannan 'yan tsere kuwa takan sauko kusa da 40.

Akwai kuma takurar da ba a gani daga waje. A dokar hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari, manyan 'yan wasan da ke cikin jerin gwaji dole su bayyana inda za a same su na awa 1 a kowace rana. Wanda ya saɓa sau 3 cikin wata 12 ana iya dakatar da shi, ko da ba a taɓa samun komai a jininsa ba. Ko maganin mura ɗan wasa ba ya sha sai ya bincika, don duk abin da aka gani a jikinsa shi ke da alhaki.

In kana son tsallakowa wannan ɓangaren, nemi koci, ka buɗe littafin da za ka riƙa rubuta atisayenka da barcinka da bugun zuciyarka na safe.