Kafin ka karɓi ƙoƙon kava a Okland

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da gurbin karatun da ka samu a nan Okland. Allah ya sa albarka. Ka ce tun yanzu barci na gagarar ka saboda tunanin kuɗin makaranta da rabuwa da gida, kuma wani ya ce maka da ka sauka Niyu Zilan ka nemi kava, wai yana kwantar da hankali, ba giya ba ne, ba shi da illa. Ba giya ba ne kam, amma wanda ya ce maka ba shi da illa bai gaya maka duka ba.

Ko ba ka neme shi ba zai same ka, don garin nan cike yake da mutanen Tonga da Samowa da Fiji. Saiwar wani tsiro ce dangin masoro. Busar da ita ake yi a daka, a ƙulle garin a ƙyalle, a yi ta matsawa cikin ruwan sanyi a wani babban akushi mai ƙafafu da suke kira tanoa. Ruwan kan fito da launin ƙasa, ga bauri. Ana miƙo maka a ɓawon kwakwa, a wajen mutanen Fiji ka tafa sau ɗaya, ka shanye a tashi guda, kafin ka ajiye ka ji leɓe da harshe sun mutu. Da shi suke karɓar baƙo, da shi suke sasanta rigima, don haka ko ba za ka sha ba kada ka yamutsa fuska. Ka yi godiya ka ce kana da uzurin lafiya, za su karɓa.

Abin da ya fi damuna hantarka ce. A 2002 Jamus ta janye magungunan kava daga kasuwa bayan an samu waɗanda hantarsu ta lalace, har da waɗanda sai da aka yi musu dashe. A shekarar ce hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi, Birtaniya ma ta hana sayar da shi. Yawancin waɗanda abin ya shafa ƙwayoyi suka sha, waɗanda aka tatso sinadarin da sinadaran masana'anta, kuma wata kotun Jamus ta soke haramcin a 2014. A 2016 rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci ya nuna cewa jiƙon ruwa na gargajiya, in ba a wuce kima ba, haɗarinsa kaɗan ne. Wannan magana ce ta mai lafiyayyar hanta. Mu kuwa daga inda muka fito ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, mutum na iya ɗauke da shi tun yarinta bai sani ba, ba zazzaɓi ba shawara. Don Allah ka je a gwada jininka tun kana gida. In ya nuna kana da shi, kai da kava har abada, kuma likita zai gaya maka abin da ya kamata ka bi. Haka in kana shan maganin tarin fuka ko na barci, ko kai mai yawan haɗiyar farasitamol ne.

Akwai abin da na gani da idona a wajen aiki. Masu kwana a kansa kullum, fatar hannu da ƙwaurinsu kan bushe ta yi ɓawo tamkar kaushin hunturu, mutanen Fiji na ce masa kanikani. Ido ya yi ja, cin abinci ya ragu, mutum ya rame, da safe jiki ya ƙi tashi. Fatar kan warke in an daina, amma laccar ƙarfe takwas da ta wuce ba ta dawowa. Akwai ma nau'in da ake kira tudei, mai sa kasala da tashin zuciya har kwana biyu, wanda ƙasar Vanuwatu, inda ake nomansa, ta hana fitar da shi don sha. Wanda ya saya ta intanet ba ya sanin wanne aka aiko masa. Kada ka tuƙa mota bayan ka sha, kai na nan garau amma ƙafa da hannu sun yi nauyi. Wannan nauyin jikin shi za ka bayyana wa malaminka na addini in za ka tambayi hukuncinsa.

Batun damuwar kuwa, yana sassauta jiki na 'yan sa'o'i, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai a wani gwaji na mako 16 da aka yi a Ostareliya, aka fitar a 2020, masu ciwon fargaba da aka ba kava ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta samun sauƙi ba, kuma gwajin hantarsu ya fi nuna canji.

Jami'o'in nan na da masu ba ɗalibai shawara, kuma duk abin da ka faɗa musu sirri ne. Akwai lamba 1737 da za ka kira ko ka tura saƙo kyauta, dare da rana. Ranar Juma'ar farko zan kai ka masallacin Ponsonby ka san mutane. Turo min ranar saukarka da sakamakon gwajin, sannan mu zauna kan lissafin kuɗin hayan ɗaki, don na san shi ne ke hana ka barci. Ka gaida su Inna.